Tafiya Jeneba da injina, ko kashe kuɗin a kan takardar kariya a waje?

ƊanPanteka:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, musamman wurin lauyoyi da waɗanda suka taɓa fita irin waɗannan taruka. Na ƙera injin busar da tumatir da tattasai mai aiki da zafin rana. Abin da ya raba shi da waɗanda ake da su shi ne yadda iska ke ratsa farantan ba tare da fanka mai cin batir ba. Na shigar da takardar neman haƙƙin ƙirƙira a ofishin rajista na Abuja wata bakwai da suka wuce. Yanzu wata ƙungiya ta sa sunana cikin masu zuwa baje kolin ƙirƙire-ƙirƙire na Jeneba a ƙasar Suwizalan, kuma akwai taron ƙara wa juna sani kan haƙƙin mallakar fasaha a gefe. Su za su biya kuɗin rumfa, ni kuma jirgi da masauki da biza. An ce mini tunda hedikwatar WIPO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da haƙƙin mallakar fasaha, tana garin, idan na je zan yi rajista guda wadda za ta kare injin a duk duniya. Haka ne? Abin da na tara ba zai ɗauki hidima biyu ba.

Sarkin_Walda:
Wa alaikumus salam. Allah ya sa albarka Injiniya. Ka tafi kawai, irin wannan dama ba kullum take zuwa ba.

LauyarKasuwa:
Wa alaikumus salam Injiniya. Wanda ya faɗa maka haka bai faɗa maka daidai ba. Babu wata takarda guda da ke kare ƙirƙira a duk duniya, kuma WIPO ba ta bayar da haƙƙin ƙirƙira ga kowa. Kowace ƙasa ko ƙungiyar ƙasashe ita ke bayar da nata, iyakarsa kuma iyakar ƙasar. Takardarka ta Abuja ba ta da ƙarfi ko a Maraɗi.

Abin da ya fi damuna a bayaninka shi ne wata bakwai ɗin nan. A ƙarƙashin yarjejeniyar Paris ta 1883 kana da wata 12 daga ranar da ka fara shigarwa, wanda a cikinsu duk inda ka je ka shigar za a ɗauka kamar a ranar farkon ka shigar. Saura maka wata biyar ke nan. Hanya biyu ce: ko ka bi ƙasashen da kake so ɗaya bayan ɗaya kafin wa'adin ya cika, ko ka shigar da takarda guda ta tsarin PCT na haɗin gwiwar ƙasashe kan haƙƙin ƙirƙira, wanda Najeriya ta shiga a 2005. PCT ɗin nan shi ne mutane ke ɗauka rajistar duniya ce. Abin da yake yi shi ne ya riƙe maka gurbi a ƙasashe sama da 150 har zuwa wata 30 daga ranarka ta farko, a yi maka bincike a gaya maka ko wani ya riga ka. Bayan nan dole ka shiga kowace ƙasa da kanka, ka biya kuɗinta, ka ɗauki wakilinta. Kuma ta intanet ake shigarwa, daga Kaduna ma za ka iya. Ba sai ka taka Jeneba ba.

ƊanPanteka:
Barista Allah ya saka da alheri. To nawa ne kuɗin PCT ɗin? Don in san inda na dosa.

LauyarKasuwa:
Kuɗin shigarwa faran 1,330 ne na Suwizalan. Amma idan da sunanka ka shigar, ba da sunan kamfani ba, ɗan Najeriya mazaunin Najeriya yana samun rangwamen kashi 90 cikin 100, ka ga ya dawo faran 133. Kuɗin bincike daban ne, ya danganta da ofishin da zai yi, kuma yakan fi wannan nauyi. Mafi tsada a ciki shi ne wanda zai rubuta maka takardar da kyau.

Malam_Na_Samaru:
Barista ta yi bayani mai kyau, gyara ɗaya kawai: ba ko'ina ne wata 30 ba. Ofishin Turai da ke Munich da Indiya wata 31 suke bayarwa. Amurka 30. Ƙaramin abu ne, amma a wannan harka kwana ɗaya na iya kashe takarda.

Ni abin da zan ja hankalin Injiniya a kai shi ne takardar da ya riga ya shigar. Dokarmu ta 1970 ba ta ɗora wa ofishin rajista binciken ko abin sabo ne ba. Suna duba cewa fom ya cika, an biya kuɗi, shi ke nan, dokar ma cewa ta yi ana bayar da takardar ne ba tare da tabbacin ingancinta ba. Shi ya sa a jami'o'inmu za ka ga malami da takardu uku huɗu a jikin bango, sun taimaka masa wurin ƙarin girma, amma da za a kai su Munich ko Amurka mai bincike ba zai wuce shafin farko ba sai ya zaro irinsu na 1980 da wani abu. Injin busar da amfanin gona da rana kuwa an yi rubutu a kansa kamar me, musamman daga Indiya da Jamus. Kafin ka kashe ko sisi, ka zauna da shafukan binciken takardun ƙirƙira na intanet, Espacenet da PATENTSCOPE da Google Patents, duk kyauta ne, ka nemi masu kama da naka. In ka ga naka sak a can, ka huta da asara.

Sarkin_Walda:
Malam kana kashe masa gwiwa tun kafin ya tashi.

Malam_Na_Samaru:
Ba kashe gwiwa ba ne ɗana. Gara ya ji daga gare ni kyauta da ya ji daga mai bincike bayan ya biya da faran.

Mai_Guanzu:
Ni ba lauya ba ne, ɗan kasuwa ne, amma bari in faɗi abin da idona ya gani. Duk wannan Turai da Amurka da ake ambata, wa zai sayi injin busar da tattasai a can? Wanda zai cuce ka yana Chaina, kuma ba Bacanise ne zai fara ba, ɗan'uwanka ne zai sayi guda ɗaya a hannunka, ya kwance shi, ya sa a kwali ya kai wata masana'anta ya ce a yi masa dubu. Na taɓa kai samfurin wani abin girki da muka gyara wa fasali, na ba masana'anta guda, da na koma baje kolin Canton na Chaina sai ga shi a rumfar wasu mutane da ban taɓa gani ba, har da kalar da na zaɓa. Ba ni da takarda, ba ni da bakin magana.

Idan za ka kare, ka kare a inda ake ƙerawa. A Chaina akwai ƙaramar takarda ta shekara 10 wadda ake bai wa gyaran fasalin na'ura, ta fi saurin fitowa, ta fi araha. Mai ita yana iya yin rajista da kwastan ɗinsu a tare kaya kafin su bar tashar jirgin ruwa. Wannan ya fi maka lambar yabo ta Jeneba sau goma.

LauyarKasuwa:
Alhaji ya yi gaskiya a kan ƙaramar takardar, kuma ta hanyar PCT ma ana iya zaɓarta idan an zo shiga Chaina. Mu a Najeriya dokarmu ba ta da irinta. Sai dai kada a ɗauka tare kaya a kwastan abu ne mai sauƙi, ana neman ajiye kuɗin jingina, kuma sai kana da wanda ke sa maka ido a can.

ƊanGalmi:
Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Kuna ta tsallaka teku kun manta da maƙwabta. Injin nan kasuwarsa tana Tawa da Maraɗi da Damagaram da arewacin Kamaru da Cadi, inda albasa da tumatir ke ruɓewa lokacin kaka. Mu ƙasashe 17 ne a ƙarƙashin OAPI, ƙungiyar rajistar haƙƙin mallakar fasaha ta haɗin gwiwa, ofishinta yana Yawunde, takarda guda ta rufe su duka: Nijar, Cadi, Kamaru, Benin, Togo, Burkina Faso, Mali, Senegal da sauransu. Najeriya ba ta ciki, don haka sai ka shigar daban ta hannun wakilin da suka amince da shi. Suna karɓar Faransanci da Ingilishi.

Kuma kada ku raina wannan ofis. Mu mun ga aikinsa a kan albasar Galmi. Wani kamfanin iri na Senegal ya taɓa neman a ba shi haƙƙi a kan irin da sunanta, manoma da hukumomi suka tashi tsaye, maganar ba ta tafi yadda ya so ba. Yau albasar Galmi da kilishin Nijar duk suna da rajistar da ke danganta su da yankinsu.

'YarKantinKwari:
To fa! Kilishi kuma? Yanzu mu na Agadasawa sai mun nemi izini wurinku kafin mu shanya nama?

ƊanGalmi:
Hajiya ki ci kilishinki lafiya. Abin da aka hana shi ne wani ya yi nasa a wani wuri ya rubuta cewa na Nijar ne. Ku ma ku yi wa naku, ba wanda ya riƙe ku.

Zango_Kumasi:
Mu a Gana ARIPO muke, ɗaya ƙungiyar rajistar ta Afirka, ofishinta na Harare, Sudan ma tana ciki. Bambancinta da ta su ƊanGalmi shi ne a nan kai ne kake zaɓar ƙasashen da kake so ka biya na kowacce. Abin mamaki Najeriya da girmanta ba ta cikin ko ɗaya. Injiniya in injin ya yi kyau ka turo hoto, mutanen Navrongo da Bolga suna da irin matsalar.

Almajirin_Fiƙihu:
Ina da tambaya ga malamai, ba don in ɓata zancen ba. Mutum Allah ya ba shi basira ya gano abin da zai hana abincin talakawa lalacewa, sai ya je ya yi takardar da za ta hana kowa yin irinsa shekara 20. Wannan bai shiga ɓoye ilimi ba?

Malam_Na_Samaru:
Tambaya ce mai kyau. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a kan wannan a Kuwait a 1988, ta ce haƙƙin mawallafi da na mai ƙirƙira da sunan kasuwanci dukiya ce da shari'a ke karewa. Sannan tsarin kansa kishiyar ɓoyewa ne. Sharaɗin ba ka takarda shi ne ka bayyana yadda abin yake filla-filla, har wanda ya san sana'ar ya iya ƙera shi daga karatun takardar. Bayan wata 18 daga ranar shigarwa ta farko ake wallafa takardar PCT kowa ya gani. A ƙasar da ba ka yi rajista ba, kowa na da damar ya yi. Mai ɓoyewa shi ne wanda ya ƙi rajista ya riƙe sirrinsa, kamar masu Coca-Cola.

Almajirin_Fiƙihu:
Na gamsu da rabin farko. Amma har yanzu ina ganin abin da ya shafi abinci da magani ya kamata a sassauta.

Jikar_Mai_Magani:
Tunda an taɓo magani. Ni abin da ke ci mini rai shi ne namu ake kwashewa. Dogon yaron nan da ke ƙofar gidan kowa, an taɓa ba wani kamfanin Amurka da ma'aikatar noman ƙasar takarda a Turai a kan maganin fumfuna da aka haɗa daga man 'ya'yansa, sai da 'yan Indiya suka yi shekaru suna shari'a aka soke a 2000, aka tabbatar da sokewar a 2005. Kurkum ma haka, an ba da takarda a Amurka a 1995 a kan warkar da rauni da shi, aka soke a 1997 saboda Indiya ta kawo tsofaffin rubuce-rubuce. Abin lura, rubutu ne ya cece su. Daga nan suka tattara ilimin maganinsu na gargajiya a rumbun kwamfuta suka ba ofisoshin bincike. Mu namu yana kan tsofaffi da cikin kundayen ajami da gara ke ci. A irin taron da Injiniya zai je ne ake yanke waɗannan abubuwa, shi ya sa ni ina goyon bayan a riƙa zuwa.

Tsohon_Jami'i:
'Yata, kin haɗa taruka biyu. Yarjejeniyar da kike nufi, wadda ta ce mai neman takarda ya faɗi ƙasar da ya samo tsiro ko ilimin gargajiyar da ya dogara da shi, an amince da ita a Jeneba a watan Mayun 2024 bayan fiye da shekara 20 ana tattaunawa. Amma wannan zama ne na wakilan gwamnatoci. Haka babban taron WIPO na shekara-shekara, kujerun ƙasashe ne, mai ƙirƙira ba ya shiga ya ɗaga hannu. Wanda Injiniya zai je baje koli ne, a zauren Palexpo kusa da filin jirgi.

Na halarci irin waɗannan lokacin ina aiki, bari in faɗa masa yadda suke. A zauren jawabai ba za ka ji abin da babu shi a darasin WIPO na kyauta da ke intanet ba. Amfanin yana wurin shan shayi da bakin rumfa. Lauyoyi da wakilai suna zuwa ne neman junansu, wannan ya turo wa wancan aiki daga ƙasarsa. Za su karɓi katinka da fara'a, don kai abokin ciniki ne a wurinsu. Lambobin yabo kuwa ana raba su da yawa, suna da daɗi a jarida idan ka dawo, amma ba sa hana kowa kwaikwayonka. Wanda na ga ya ci riba shi ne wanda tun daga gida ya rubuta wa kamfanoni da ƙungiyoyin da ke aikin rage asarar amfanin gona, ya sa lokaci da su, ya zo da takarda shafi ɗaya: kilo nawa injin ke busarwa, cikin awa nawa, nawa ake ƙera shi. Tambayar farko da za su yi maka ita ce a ina da ina ka shigar. In ka ce Najeriya kaɗai kuma wa'adinka ya kusa, sun san jira kawai za su yi.

Garin kuma da tsada. Da yawa sukan kwana a ɓangaren Faransa su shigo da safe.

Sarkin_Walda:
Ni fa har yanzu ban ga amfanin takardun nan ba. Injiniya, tsakani da Allah, wanda zai fara kwafar injinka yana layi na biyu a Panteka, kun san juna, kuna sallah a masallaci ɗaya. Za ka kai shi Babbar Kotun Tarayya? Da wane kuɗin? Ka buga sunanka a jikin injin, ka yi aiki mai kyau, ka riƙa zuwa gyara idan ya lalace, ka fi kowa araha. Kafin su gane kan na farko ka fito da na biyu.

'YarKantinKwari:
Wannan gaskiya ne. Mu a atamfa zane ba ya wata uku sai an kwafe shi. Suna ne ke sayar da kaya. Amma sunan ma a yi masa rajistar tambari, don rajistar CAC ba ta kare shi, mutane da yawa ba su san haka ba.

LauyarKasuwa:
Sarkin Walda, ban ƙi maganarka ba idan niyyarsa ya ƙera da hannunsa ya sayar a Kaduna da Kano. Amma idan yana son wani babban kamfani ya ɗauki fasahar ya riƙa biyansa, to sai da abin da zai sayar musu. Takarda kamar shaidar fili ce, ba ta hana wani ya zo ya kafa rumfa, amma in babu ita ba mai saye a hannunka.

Injiniya, tambaya biyu. Na ga bidiyon injin a Facebook, kafin ka shigar aka ɗora ko bayan? Sannan injin da za ka kai Jeneba, shi ne sak wanda aka zana a takardar?

ƊanPanteka:
Bidiyon bayan na shigar ne Barista, da kusan wata guda. Amma injin na ƙara masa abu. Na sauya bututun da ke fitar da iska, yanzu ya fi na da sauri sosai, kuma gaskiya wannan sabon shi ne abin nunawa.

LauyarKasuwa:
To nan gizo ke saƙa. Ranarka ta farko tana kare abin da ka rubuta a takardar farko ne kaɗai. Sabon bututun ba ya ciki. Idan ka nuna shi a rumfa kafin ka shigar da shi, a Turai ya zama sanannen abu, kai da kanka ka kashe shi. Amurka tana yafe shekara guda ga abin da mai ƙirƙira ya bayyana da kansa, Turai ba ta yi, Chaina ma sai a 'yan wurare ƙalilan. Kada ka dogara da cewa baje koli ne na duniya, rangwamen da ake yi wa baje koli ƙunci gare shi, ba kowane taro ya shafa ba. Ko dai ka sa sabon bututun cikin takardar PCT ka shigar kafin ka hau jirgi, ko ka tafi da tsohon injin. Kuma har zuwa lokacin kada a sake ɗora bidiyo.

Malam_Na_Samaru:
Ka leƙa NOTAP ma, hukumar bunƙasa fasaha ta gwamnatin tarayya, suna taimaka wa masu ƙirƙira da shigar da takarda a cikin gida, kuma WIPO tana da ofis a Abuja tun 2020, ko don tambaya. Sai dai in ƙara wani abu a kan masu ganin takardar waje ita ce ƙarshen wahala. Maganin sikila na Niprisan da cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta haɗa daga ilimin wani mai maganin gargajiya ya samu takarda a Amurka a 1998, aka ba wani kamfanin can lasisi a 2002. Kamfanin ya durƙushe a 2008, magani ya yi wuyar samu, masu ciwo suka rasa. Takarda tana nan lafiya lau, abin da ya faɗi shi ne wanda aka ba amanar ƙerawa.

Mai_Guanzu:
Wani abu kuma, da zarar an wallafa takardarka da adireshinka za ka fara samun wasiƙu masu kama da na hukuma, da tambari da komai, a ce ka biya kuɗin rajista. 'Yan damfara ne, WIPO kanta tana gargaɗi a kansu. Kada ka biya komai sai ka nuna wa lauyarka.

Jikar_Mai_Magani:
Baba Tsohon Jami'i na gode da gyara. Amma ni dai ina nan a kan bakana, in ba a ganin fuskokinmu a wuraren nan kullum sai dai a yanke mana.

ƊanGalmi:
Ni da ni ne, PCT yanzu, in wata 30 ya kusa in shiga OAPI da Chaina, in bar Turai da Amurka. Jeneba kuma baɗi tana nan, kowace shekara ake yi.

Tsohon_Jami'i:
Baɗi tana nan, amma ƙungiyar da za ta biya rumfa ba lallai tana nan ba. Ni ban ce kada ya je ba. Ya tambaye su ko za su mayar da kuɗin rumfar su biya masa lauya, in sun ƙi ya san abin da suke so, hoto ne ko ci gabansa.

ƊanPanteka:
Na gode ƙwarai jama'a, na kwashi abubuwa da yawa. Zan fara da binciken da Malam ya ce a daren nan. Amma ga wata sabuwa: dabarar sabon bututun ni da yaron shagona muka yi ta, shi ya fara kawo shawarar a lanƙwasa shi. Sannan fom ɗin da ƙungiyar ta ba ni in sa hannu akwai wurin da ya ce suna da haƙƙin amfani da duk abin da aka nuna a rumfarsu. Wannan fa?

LauyarKasuwa:
Kada ka sa hannu tukuna. Turo mini hoton wannan sakin layin ta akwatin sirri, ina son in ga ko hotuna suke nufi ko fasahar kanta. Yaron kuma, idan shawararsa ta shiga cikin abin da za a nemi kariya a kai, sunansa zai shiga a matsayin wanda aka ƙirƙira tare da shi, a Amurka barin sunan irinsa na iya jawo wa takarda matsala. Mallaka daban ce, wannan sai ku rubuta yarjejeniya. Albashi kake biyansa ko koyon aiki yake?

Sarkin_Walda:
Barista a Panteka wa ke da albashi? Ɗan yayarsa ne ma, in ban ɓata ba.